Yadda ake tara tsofaffin injinan ƙananan jiragen sama ba tare da an lalata su ba

Yawancin ɓarnar da ake gani a jikin tsohon injin ƙaramin jirgi, wato jirgin wasa da ake tashinsa don nishaɗi, hannun mutum ne ya yi ta. Inji zai shekara hamsin a cikin akwati lafiya lau, danƙon mai ya lulluɓe shi ya kare shi daga tsatsa, sai ya faɗo hannun sabon mai shi, cikin awa guda a kama shi da filaya, a murɗa shi da ƙarfi, a bi shi da samfefa. Abin da aka ɓata a wannan awar da wuya ya gyaru, domin yawancin kamfanonin da suka ƙera waɗannan injina sun daɗe da rufewa. Saboda haka mai son shiga wannan harka ya fara koyon dubawa da haƙuri kafin ya koyi kwancewa.

Iri uku, kowanne da halinsa

Mafi tsufa su ne masu tartsatsi, waɗanda ke shan fetur kamar injin babur, da fulogi da kwayil da kwandansa da kwantak da batir. Brown Junior, wanda Bill Brown ya ƙera a Filadelfiya ta Amurka a farkon shekarun 1930, shi ne ya buɗe wannan hanya, sannan irin su Ohlsson & Rice da Super Cyclone da Forster suka biyo baya. A 1947 Ray Arden ya fito da fulogi mai siririyar waya da ke yin ja, wanda masu harkar ke kira gulo; injinan da ke aiki da shi su ne iri na biyu. Ana haɗa masa batir a tayar da injin, a cire batirin, wayar ta ci gaba da yin ja da kanta saboda metanol ɗin da ke cikin man. Daga nan mutane da yawa suka ciro kwantak daga tsofaffin injinansu suka yar, suka ɗaura musu gulo. Shi ya sa a yau ake yawan samun injin tartsatsi babu kwantak, wani kuma tankinsa na roba ya narke domin an zuba masa man da ba nasa ba.

Na uku su ne waɗanda ake kira dizal. Ba su da fulogi ko kaɗan. Matsi kaɗai ke kunna man, saboda akwai sinadarin eta a cikinsa. A saman silinda akwai ƙaramin fistin na biyu da ake turawa ƙasa da sukuru don ƙara matsi ko rage shi. Dyno na ƙasar Suwizalan, mai cc 2, ya fito a farkon shekarun 1940, amma a Ingila irin ya fi bunƙasa: Mills 1.3 a 1946, sai ƙanensa Mills .75, da E.D. Bee mai cc 1, da E.D. Racer mai cc 2.46, da Oliver Tiger na 'yan tsere.

Lambobin girma na ruɗa sabon shiga. Amurkawa da inci suke aunawa, Turawa da cc. Cox .049 kusan cc 0.8 ne, .15 cc 2.5 ne, .60 kuma kusan cc 10. Amma Mills .75 cc 0.75 ne, wato ɗan mitsitsi, ba babban inji ba ne kamar yadda lambar za ta sa mai lissafin inci ya zata.

Ɗauki layi ɗaya

Wanda ya ce zai sayi duk abin da ya gani zai ƙare da akwati cike da gawarwaki. Gara ka tsaya a kamfani ɗaya, ko ƙasa ɗaya, ko zamani ɗaya, har idonka ya saba da yadda na asali yake. A ganinmu Cox ya fi dacewa da mai farawa. An ƙera su da yawan gaske a Kalifoniya, kayan gyaransu na samuwa har yanzu, kuma dangin na da faɗi: Babe Bee na 1956, Pee Wee .020, Golden Bee, Black Widow, da jerin Tee Dee da suka fara fitowa a 1961. Idan dizal ne ya ja hankalinka, fara da D.C. Merlin ko E.D. Bee ko P.A.W. kafin ka kai ga masu tsada. Akwai kuma irin su GHQ da Deezil da suka yi ƙaurin suna wajen ƙin tashi tun suna sababbi; ana tara su don tarihi, kada ka saya da niyyar jin ƙararsu.

Abin da za ka duba kafin ka biya

Fara da kunnuwan da ake ɗaure injin da su a jikin jirgi. Nan ne ke fara karyewa idan jirgi ya faɗi, nan ne kuma mutane ke faɗaɗa rami da magagari don ya yi daidai da jirginsu. Ramin da ya zama doguwa maimakon da'ira, ko kunnen da aka yi wa walda, yana rage darajar inji sosai. Daga nan ka dubi haƙarƙarin sanyaya da ke kewaye da silinda. Idan ka ga sawun haƙoran filaya, to wani ya taɓa kwance shi da ƙarfi, kuma mai yiwuwa silindar ta ɗan lanƙwashe ta ciki. Kawunan sukurori ma shaidu ne: waɗanda bakinsu ya cinye suna gaya maka sau nawa aka buɗe injin da kuma irin hannun da ya buɗe shi.

Idan injin yana juyawa, ɗaura masa farfela, ka ɗiga mai kaɗan ta kafar fitar hayaƙi, ka juya a hankali. Lafiyayyen inji zai yi tauri yayin da fistin ke hawa, ya tsallake da ɗan tsalle. Riƙe shi a can sama na 'yan daƙiƙoƙi. Idan matsin ya zurare nan take, kana ganin kumfa tana fitowa ta gefen fistin, to fistin da silinda sun cinye. A injin gulo ana iya lallaɓawa a haka, amma dizal da ya rasa matsi ba zai tashi ba, ko ya tashi da sanyi ya ƙi tashi da zafi. Kada ka yarda da matsin injin da aka cika wa mai mai kauri, domin kaurin man na ɓoye ciwon.

Wannan batu na fistin shi ne zuciyar harkar. Yawancin tsofaffin ƙananan injina ba su da zobe a fistin. Fistin na ƙarfen zubi ne, silinda ta ƙarfe, an goge su tare a masana'anta har suka dace da juna, silindar kuma ta ɗan tsuke daga sama. Su biyun ma'aurata ne, ba a ɗauko fistin wani inji a sa wa wani, ko da sunansu da shekararsu ɗaya. Sake yin wannan dacewa aikin ƙwararren maƙeri ne mai na'ura, kuma sau da yawa kuɗinsa ya fi na injin.

Sai ka kama farfela ka girgiza ta sama da ƙasa. Ɗan motsi gaba da baya ba laifi ba ne, amma motsin gefe na nuna bushin ya cinye. Idan injin mai boris ne, juya ka saurara. Gurzar da kake ji kamar yashi tsatsa ce. Wannan bai kai na fistin muni ba, tunda yawancin boris ana samun madadinsu. Ka kuma kalli bakin karanshaf yayin da kake juyawa, idan yana rawa to ya lanƙwashe a faɗuwa. A injinan Cox, sandar fistin na haɗe da fistin ta wata 'yar ƙwallo a cikin gurbi. Idan ka ji ƙas-ƙas a can sama to gurbin ya saki, akwai ɗan ƙarfe na musamman da ake matse shi da shi.

Abubuwan da aka fi musanyawa su ne allurar mai (wadda ake murɗawa don ƙara ko rage man da ke shiga injin), notin farfela, tanki da sukurun matsi. Nemo hoton injin a tsofaffin gwaje-gwajen mujallun Aeromodeller da Model Airplane News, ko takardar da ta zo da shi, ka gwada ɗaya bayan ɗaya. Haka nan ka san cewa injinan da suka yi farin jini an sake ƙera irinsu daga baya. Mills kaɗai an yi kwafinsa a Indiya da Ostareliya da Sin, kamfanin Irvine ma ya yi nasa. Wasu kwafin suna aiki da kyau ƙwarai, sai dai bai kamata a biya musu kuɗin na asali ba. Ƙananan alamu na taimakawa: Tee Dee .051 da .049 kamar tagwaye suke, amma fistin .051 na da ɗan siririn layi da aka zaga a gindinsa. Kwali da takardu da sifanar da suka zo da inji, ko sun yage, kada ka bari a zubar.

Idan daga nesa za ka saya, nemi hoton ɓangarori huɗu da na ƙasa da na cikin kafar hayaƙi. Mai sayarwa ya ce injin ya cije, wannan bai cika zama abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne ya ce ya wanke shi ya goge shi tas.

Injin da ya cije

Galibi tsohon man zurma ne ya bushe ya zama danƙo. Man zurma shi ne man shafawar waɗannan injina, kuma idan ya daɗe yakan daskare ya riƙe fistin da karanshaf gam. Maganinsa jiƙo da zafi, ban da ƙarfi.

Cire duk abin da yake na roba tukuna: tanki, tiyo, kafireta irin ta Tee Dee, da kayan kwantak idan mai tartsatsi ne. Cire fulogi da murfin baya idan sun yarda. Jiƙa injin kwana ɗaya ko biyu a cikin man gulo ko metanol, ko kuma haɗin asiton da man giyar mota mai otomatik, wato ATF, rabi da rabi, a cikin kwalba mai murfi. Fito da shi, ka bar shi ya tsane sarai a waje har warin ya tafi, domin waɗannan ruwaye na kama wuta. Sannan ka ɗumama shi da na'urar hura iska mai zafi har ya kai wajen digiri 100 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas, ka riƙe da safar hannu mai kauri. Ɗaura masa farfelar katako, ka riƙa motsa ta gaba da baya kaɗan-kaɗan, kana ɗiga mai. Ya motsa ko da kaurin gashi ne, to an gama, saura maimaitawa. Bai motsa ba, mayar da shi jiƙo. Farfelar katako aka ce domin idan ƙarfi ya yi yawa ita za ta karye kafin sandar fistin ta lanƙwashe.

Kuskuren da ya fi kashe injina shi ne zura sukundireba ta kafar hayaƙi don a tokare fistin ko a murɗe silinda. Bakin kafar zai tashi ta ciki, ya karce fistin daga sama har ƙasa a juyi na farko. Idan silinda mai tiredi ce kamar ta Cox, yi amfani da sifanarta, ko ka naɗe ta da fata mai kauri ka murɗa bayan ka ɗumama. Silindar Ohlsson & Rice kuwa a masana'anta aka kafe ta a jikin gidan karanshaf, ba a yi ta don a cire ba; bar ta a inda take.

Sukurori ma na da nasu tarkon. Injinan Ingila na dā da tiredin BA aka yi su, na Amurka da irin su 4-40 da 2-56, na Jafan da sauran Turai yawanci da na milimita. Sukurun da ya shiga juyi biyu ya tsaya, ba nasa ba ne. Matsa shi zai cinye tiredin alminiyam. Zaɓi sukundireban da ya cika bakin sukurun daidai, ka danna sosai kafin ka juya. Kafin ka zare fistin da silinda, yi musu 'yar alama ka ɗauki hoto, domin dole su koma fuskar da suka saba. Fistin na biyu na dizal kuma, idan ba dole ba kada ka fitar da shi.

In boris za a canja, zafi ne zai yi aikin. Alminiyam na buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka idan gidan karanshaf ya yi zafi sosai, buga shi a kan katako sai boris ɗin ya faɗo da kansa.

Wanki, amma da iyaka

Tsohon burushin goge baki, tsinken sakace da metanol ko kananzir sun isa yawancin aiki. Wasu na dafa sassan inji a ruwan hana daskarewar lagireto a wuta kaɗan na dare ɗaya. Yana cire danƙo ƙwarai, sai dai yana ɗaye fenti, yana iya dusashe launin da aka rina wa alminiyam, guba ne kuma, tukunyar da aka yi shi a ciki ba ta sake komawa kicin. Duk sabulun da ke da soda mai ƙarfi yana cin alminiyam ya mai da shi toka-toka.

A kula da magnesiyam. Gidan karanshaf na yawancin injinan Mills da na E.D. Racer da shi aka yi, kuma baƙin launin da ke jikinsa kariya ce. Idan aka kankare ta ko aka bar shi a ruwa, farin gari zai fara fitowa, ƙarfen ya riƙa rubewa. In kana shakka, ɗiga ruwan khal a wani ɓoyayyen wuri da ba fenti: magnesiyam zai yi kumfa, alminiyam ba zai yi ba. Goge wurin nan take ka shafa mai.

Kada ka goge inji har ya yi ƙyallin da bai taɓa yi ba a masana'anta. Masu tarawa sun fi son dusasshen launi na asali, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa.

Idan za ka tayar

Injin da bai taɓa shan mai ba, yana cikin kwalinsa, a bar shi haka. Tashi ɗaya ya mai da shi wanda aka yi aiki da shi. Wanda ya riga ya yi aiki kuwa babu laifi a ji muryarsa. Ɗaure shi ta kunnuwansa a kan katako mai ƙarfi da aka kafe a tebur, kada a matse jikinsa a mamatsin ƙarfe. Sa sabuwar farfela, domin tsofaffin na roba sun bushe, suna iya tarwatsewa. Mills .75 na son farfela 8x4 (lambar farko tsawonta ce a inci, ta biyu karkatarta), Cox .049 na son 6x3 ko 5x3, Fox .35 kuma 10x6. Sa tabarau da abin toshe kunne, ka tsaya a bayan farfela, domin Tee Dee .049 na wuce juyi 20,000 a minti.

Man zamani mai ƙarancin man shafawa ba na waɗannan injina ba ne. Cox na buƙatar man shafawa kamar kashi 20 cikin 100, aƙalla rabinsa man zurma, da naitiro, wato sinadarin da ke ƙara wa man ƙarfi, kashi 15 zuwa 25. Fox .35 na son man zurma kusan kashi 28. Fulogin Cox volt 1.5 yake ɗauka, fiye da haka wayar ta ƙone. Masu tartsatsi a dā da fetur kashi uku da baƙin mai mai kauri SAE 70 kashi ɗaya ake tayar da su. Dizal irin Mills kuwa sulusi-sulusi: eta, kananzir, man zurma. Eta na tafasa a kusan digiri 35, don haka gwangwanin da aka bari a buɗe zai rasa etarsa, mai shi ya yi ta bugun farfela yana zargin inji. Ajiye shi a gwangwanin ƙarfe mai murfi gam, nesa da wuta. Tiyon silikon na kumbura a man dizal da fetur, sai a nemi na niyofirin.

Tayar da dizal na son natsuwa. Bar allurar mai a rufe da farko. Juya har fistin ya rufe kafar hayaƙi, ɗiga ɗigo biyu a gefensa, ka bugi farfela da sauri da sanda mai roba ko yatsa mai kariya. Bai ce komai ba, ƙara matsi da kashi ɗaya cikin takwas na juyi, ka sake. Da zarar ya yi 'yar gajeriyar ƙara ya mutu, ka samo wurin. Yanzu buɗe allura juyi biyu zuwa uku, toshe bakin kafireta da yatsa ka juya har mai ya iso, ka sake bugawa. Idan ya tashi yana tari yana tsallake bugu, matsi ya yi kaɗan. Idan yana nishi, gudunsa na raguwa, man da ke fita ya yi baƙi, matsi ya yi yawa, sassauta nan da nan. Da ma yayin da ya ɗau zafi yakan buƙaci a ɗan rage.

Idan farfela ta tsaya cak kamar ta daki bango, mai ne ya cika silinda. Ruwa ba ya matsuwa, kuma tilasta shi zai lanƙwasa sandar fistin ko ya karya karanshaf. Sassauta sukurun matsi, juya injin gefe ka tsiyaye man. Saboda wannan dalili ne ba a kusantar da na'urar tayarwa ta lantarki ga ƙaramin dizal. Tashin farko kada ya wuce minti ɗaya ko biyu, da mai a wadace, sannan a bar shi ya huce sarai kafin a sake.

Ajiya

Bayan an tayar, cire tiyo ka bar injin ya shanye man da ke cikinsa. Metanol na jawo danshi daga iska, ragowar naitiro kuma na barin tsami, su biyun ke sa boris da karanshaf tsatsa. Ɗiga ATF ko man na'urorin iska ta kafireta da kafar hayaƙi, ka juya sau da yawa. WD-40 bai isa ajiyar shekaru ba. Sa injin a leda mai rufewa ko a kabad mai gilashi inda ba danshi, kada ya daɗe kwance a kan soso, domin tsohon soso na narkewa ya manne a jikin ƙarfe. Sau ɗaya ko biyu a shekara a fito da kowanne a juya shi a ƙara ɗigon mai.

Ɗaura wa kowane inji 'yar takarda da zare: sunansa, girmansa, lambarsa idan yana da ita, ranar da ya shigo hannunka, da duk abin da ka canja a jikinsa. Sassan asali da ka cire, ko karyayyu ne, sa su a ƙaramar leda tare da shi. Idan dizal ne, rubuta juyi nawa allura take da inda sukurun matsi ya tsaya lokacin da ya tashi, don wanda zai tayar da shi nan gaba ya fara daga nan.